Yadda Ake Karatun Digirin Farko a Aikin Walwalar Jama'a na Ƙasa da Ƙasa

Tambayoyi sun yawaita daga ɗalibai da iyayensu game da wannan fanni, kuma kusan duk abu ɗaya suke son sani: ta ina ake farawa, waɗanne takardu ake nema, nawa ake kashewa, kuma shin wanda ya gama zai iya aiki a kowace ƙasa ko kuwa. Amsar tambayar ƙarshe ce ya kamata ta ja ragamar sauran, domin aikin walwalar jama'a sana'a ce da doka ke tsarewa a ƙasashe da dama, kuma digirin da bai kai mai shi ga yin rajista ba, komai kyawun sunansa, bai biya buƙata ba. Saboda haka aka jera matakan nan bisa yadda ya dace a bi su, ba bisa yadda masu tallata jami'o'i ke jera su ba.

1. Tantance aikin da kake hanƙoro

Kafin ka buɗe shafin kowace jami'a, ka zauna ka rubuta irin aikin da kake ganin kanka a ciki bayan shekara biyar ko shida. Wanda ya karanci wannan fanni yakan yi aiki da 'yan gudun hijira da baƙin haure a ƙasar da suka sauka, ko ya shiga ayyukan agaji inda yaƙi ko ambaliya ta raba mutane da gidajensu, ko ya riƙa bibiyar al'amuran da suka ratsa iyakar ƙasa biyu, kamar yaron da ya rabu da iyayensa a hanya, da matar da aka yi safararta, da rigimar riƙon ɗa tsakanin iyayen da ke zaune a ƙasashe daban-daban. Wannan nau'i na ƙarshe shi ne aikin da ƙungiyar ISS, ƙungiyar walwalar jama'a ta ƙasa da ƙasa mai hedikwata a birnin Janeba, take yi tun 1924. Akwai kuma masu karkata ga tsara manufofi da raya al'umma.

Hattara: yawancin aikin ba tafiye-tafiye ba ne. Zama ne da mutum cikin damuwarsa, da rubuta rahoto, da bin ofisoshi don nema masa haƙƙinsa. Wanda burinsa diflomasiyya ne ko sharhin siyasar duniya, gara ya nemi kwas na hulɗar ƙasa da ƙasa, domin fanni ne daban duk da cewa sunayen suna kama da juna.

2. Fara daga hukumar rajista, ba daga jami'a ba

A nan gizo ke saƙar, kuma nan ne mafi yawan masu nema suke tsallakewa. Babu lasisi guda da ke aiki a duniya baki ɗaya. Ƙungiyoyin IFSW, ta jami'an walwala na duniya, da IASSW, ta makarantun koyar da aikin, sun fitar da ma'anar sana'ar a 2014, da ƙa'idojin ɗa'a a 2018, da sabon ma'aunin koyarwa a 2020, amma waɗannan jagora ne kawai, ba su ba kowa izinin aiki. Izini yana hannun kowace ƙasa, a wasu wuraren ma yana hannun kowace jiha.

A Ingila, doka ta hana mutum kiran kansa jami'in walwalar jama'a sai ya yi rajista da Social Work England, hukumar da ta karɓi wannan aiki a watan Disamba na 2019, kuma kwas ɗin da ta amince da shi dole ya ƙunshi kwana 200 na koyon aiki a aikace, wanda har 30 daga ciki za su iya zama ranakun koyon dabaru. A Amurka, majalisar ilimin aikin walwala mai suna CSWE ce ke tantance kwasa-kwasai, tana kuma buƙatar aƙalla awa 400 na sanin makamar aiki a matakin digirin farko, amma lasisi jihohi ne ke bayarwa, kowace da sharuɗɗanta. A Ostireliya digirin shekara huɗu ne, kuma AASW, ƙungiyar jami'an walwala ta ƙasar, tana neman awa 1,000 na sanin makama. A Afirka ta Kudu ma shekara huɗu ne, kuma ɗalibi yana yin rajista da SACSSP, hukumar rajistar sana'ar a ƙasar, tun yana makaranta kafin a bar shi ya fita fili. A Jamus akwai amincewar hukuma da jihohi ke bayarwa bayan digiri, wadda idan babu ita, ƙofar ayyuka da yawa na gwamnati a rufe take.

Abin yi a nan a fili yake. Ka zaɓi ƙasa ɗaya ko biyu da kake sa ran yin aiki a cikinsu, ciki har da ƙasarka idan kana da niyyar komawa, ka nemo hukumar da ke rajistar jami'an walwala a can, ka buɗe jerin kwasa-kwasan da ta amince da su, sannan ka duba sharuɗɗan da take gindaya wa masu digiri daga waje. Ka rubuta adadin kwanaki ko awannin sanin makama da take nema a takarda ka ajiye, domin da wannan adadi za ka auna duk kwas ɗin da za ka duba nan gaba. Idan abu ya shige maka duhu, ka aika wa hukumar saƙon imel da kanka ka adana amsar da ta ba ka.

Hattara: amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Jami'a tana iya zama halastacciya, sunanta yana cikin kundin WHED na ƙungiyar jami'o'i ta duniya, amma kwas ɗinta na walwala bai samu amincewar hukumar sana'ar ba. Akwai kuma kwasa-kwasai masu sunaye kamar nazarin ci gaba ko kula da al'umma, waɗanda suke da amfani a bigirensu amma ba sa kai mutum ga rajista.

3. Karanta manhajar kwas sosai

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce digirin da aka raɗa masa sunan ƙasa da ƙasa tun daga tushe, irin wanda ake samu a wasu manyan makarantun Jamus kamar na Coburg da Ludwigsburg, inda zama a ƙasar waje yake cikin tsarin karatun. Ta biyu, wadda ta fi yawa, ita ce digirin walwalar jama'a na gama-gari, sai ɗalibi ya zaɓi darussan ƙaura da haƙƙin ɗan adam, ya kuma nemi yin zango ɗaya ko sanin makama a wata ƙasa. A ganina hanya ta biyu ba ta gaza ta farko da komai ba matuƙar makarantar tana da abokan hulɗa a waje, kuma sau da yawa ta fi sauƙin kuɗi.

Kada ka tsaya a kan takardar talla. Ka sauke kundin darussa, inda aka bayyana kowane darasi da makinsa da yadda ake jarrabawarsa. Kwas mai nagarta zai ƙunshi hanyoyin aiki da mutum ɗaya da iyali da rukuni da al'umma, da dokokin walwala, da ilimin girman ɗan adam tun daga yarinta har tsufa, da hanyoyin bincike, da ɗa'ar sana'a. A kan wannan tushe ne ake ɗora darussan ƙaura, da dokokin 'yan gudun hijira, da kwatanta tsarin walwala na ƙasashe, da aikin agaji. Idan ka ga darussan siyasar duniya sun cika manhaja amma babu darasin yadda ake tattaunawa da mutum ko tantance haɗarin da yaro ke ciki, to kwas ɗin ya karkace.

A Turai ana auna karatu da makin ECTS, inda shekara guda take daidai da maki 60, digirin farko kuwa yakan kasance tsakanin 180 da 240. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin hukumar ƙasar da digirinta na shekara huɗu ne tana iya ganin na shekara uku bai cika ba. Sai kuma ka rubuta wa sashen tambayoyi uku: wa ke nemo wa ɗalibi wurin sanin makama, shi ne ko makaranta; shin mai duba shi a wurin ƙwararren jami'in walwala ne mai rajista; kuma waɗanne ƙasashe ɗaliban bara suka je.

4. Harshe

Wannan mataki ya fi kowane cin lokaci, don haka ka fara shi shekara guda aƙalla kafin lokacin nema. Idan da Ingilishi ake koyarwa, jami'a za ta iya neman sakamakon IELTS ko TOEFL, kuma duka biyun shekara biyu kacal suke aiki, saboda haka kada ka yi gaggawar rubutawa har sakamakon ya mutu kafin ka samu biza. Ka lura cewa makin da ake nema a wannan fanni yakan ɗara na wasu kwasa-kwasai, kuma hukumar rajista tana iya neman wanda ya fi na jami'a.

Hattara: ko da an ce ana koyarwa da Ingilishi a ƙasar da ba shi ne harshenta ba, sanin makama da harshen ƙasar ake yin sa. Tsohuwar da ke gidan kula da tsofaffi da yaron da ke gaban kotu ba za su sauya harshe dominka ba. A Jamus yawancin waɗannan kwasa-kwasai da Jamusanci ake yin su, kuma ana neman shaidar cin jarrabawar Jamusanci ta TestDaF ko DSH. Ma'aunin Turai na ƙwarewar harshe yana tashi daga A1 zuwa C2, kuma wanda bai kai B2 ba zai sha wahala matuƙa a fili. Ga mai son aikin agaji, Faransanci da Larabci da Sifaniyanci suna buɗe ƙofofi da yawa. Kada kuma ka rena harsunan da ka tashi da su, ka rubuta su a takardunka, domin jami'in da zai yi magana da mutum ba tare da tafinta ba yana da daraja ta musamman.

5. Tara gogewa da takardu

Makarantu da yawa suna son ganin cewa ka taɓa yi wa jama'a hidima, wasunsu ma suna sharɗanta 'yan makonni na aikin gwaji kafin a ɗauke ka. Ka nemi aikin sa-kai a kusa da kai, a wurin da ke kula da naƙasassu ko tsofaffi ko matasa ko waɗanda suka rasa matsuguni. Wata shida kana zuwa sau ɗaya a mako ya fi mako biyu na ɗoki. Ka riƙa rubuta ranaku da awanni da abin da ka yi, kuma kafin ka bar wurin ka karɓi wasiƙar shaida mai hatimi da sa hannu.

Hattara: ka guji shirye-shiryen da ake biyan kuɗi don a kai mutum gidan marayu a wata ƙasa na ɗan lokaci. Da yawa daga yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, kuma shigowa da fitar baƙi yana cutar da su. Malaman fannin sun san haka, don haka ganin irin wannan a takardarka ba zai ƙara maka kwarjini ba.

Takardun da za ka tanada su ne shaidar kammala sakandare da cikakken sakamako, da fassararsu daga mai fassara da hukuma ta amince da shi idan harshen ya bambanta, da fasfo mai sauran wa'adi mai tsawo, da wasiƙun shaida biyu, da takardar 'yan sanda da ke nuna ba ka da tarihin laifi, domin babu inda za a haɗa ka da yara ko masu rauni ba tare da ita ba. Ita wannan takarda wa'adinta gajere ne, sai ka jira har a nema. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda, harafi da harafi, domin saɓani kaɗan yana iya tsayar da komai. Wasu ƙasashe ba sa ɗaukar shaidar sakandare ta kowace ƙasa daidai da tasu, don haka ana iya tura ka shekarar share fage, kamar Studienkolleg a Jamus.

6. Lissafin kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a lissafa kuɗin makaranta kawai. Ka ɗauki takarda ka raba ta gida huɗu. Gida na farko na abin da za ka kashe tun kafin ka samu gurbi ne: jarrabawar harshe, da fassara, da tantance takardu, da kuɗin fom, kuma waɗannan ba a mayar da su ko da ba a ɗauke ka ba. Na biyu na kuɗin makaranta ne na duk shekarun, tare da sanin cewa yana iya ƙaruwa kowace shekara. Na uku na rayuwa ne, wato haya da abinci da sufuri da inshorar lafiya da sabunta izinin zama. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, na sanin makama ne.

Dalilin ware wa sanin makama gida na kansa shi ne, galibi ba a biyan ɗalibi, ko kuma abin da ake ba shi kaɗan ne, ga shi yana cinye yini cur har tsawon watanni. Wanda ya dogara da ɗan aikin gefe don biyan haya zai tarar ba shi da lokacin yin sa a wannan zango, alhali kuɗin sufuri ya ƙaru. Idan kuma a wata ƙasa za a yi, sai a ƙara tikitin jirgi, da wata bizar, da alluran rigakafi, da inshorar tafiya, wani lokaci har da biyan haya a wuri biyu. Tun daga shekarar farko ya kamata ka fara tara wa wannan zango.

Maganar cewa karatu kyauta ne a Turai tana buƙatar gyara. Ga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai da ƙawayenta na kusa, Denmak ta fara karɓar kuɗi a 2006, Suwidin a 2011, Finland a 2017, Norwe a 2023. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa sai ɗan kuɗin zango, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a kowane zango, kuma a 2025 mai neman bizar karatu sai ya nuna yuro 11,904 na shekara guda, galibi a asusun da ake kullewa ana sakar masa wata-wata. Irin waɗannan adadi suna sauyawa, don haka shafin ofishin jakadanci ne abin dogaro a ranar da za ka nema.

Game da tallafin karatu, gaskiyar ita ce manyan da aka fi sani, irin su Chevening na gwamnatin Birtaniya, na digiri na biyu ne. A matakin digirin farko ka fi dacewa da tallafin da jami'ar kanta ke bayarwa, da shirin gidauniyar Mastercard a jami'o'in da take hulɗa da su, da shirin DAFI da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da masu gudun hijira, ke gudanarwa tun 1992 domin 'yan gudun hijira. Idan lissafi ya ƙi fita, shawarata ita ce ka yi digirin farko a jami'ar da aka amince da ita a ƙasarka, ka yi aiki shekara biyu ko uku, sannan ka nemi digiri na biyu a waje inda tallafi ya fi yawa. Hanya ce da take ɓullewa, ba koma-baya ba ce.

Hattara: duk dillalin da ya ce zai tabbatar maka da gurbi ko biza idan ka biya shi, ka yi nesa da shi, kuma kada ka tura kuɗin makaranta zuwa wani asusu in ba wanda jami'a ta rubuta a takardarta ba.

7. Cike fom, ganawa da biza

Kowace ƙasa da ƙofarta. A Birtaniya ta UCAS, cibiyar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'i, ake nema, ana ba mutum zaɓi biyar, kuma babban wa'adin yana faɗowa a watan Janairu. A Jamus makarantu da yawa suna bi ta uni-assist, cibiyar da ke tantance takardun ɗaliban ƙasashen waje. Ka rubuta wa'adin kowace makaranta a kalanda, ka miƙa da sauran mako biyu.

A takardar bayanin kai, kada ka tsaya a kan cewa kana son taimakon mutane, domin kowa haka yake rubutawa. Ka kawo abu ɗaya da ka gani a aikin sa-kai, ba tare da ambaton sunan kowa ba, ka faɗi abin da ka yi, da abin da ya fi ƙarfinka, da wanda ka kai wa maganar. A ganawa kuwa ana yawan ba da misali, kamar a ce yarinya ta gaya maka wani sirri na cin zarafi ta roƙe ka kada ka faɗa wa kowa. Amsar da ake so ita ce ba za ka yi mata alkawarin ɓoyewa ba, za ka saurare ta cikin natsuwa, ka gaya mata wanda dole ne ya sani da dalilin hakan, sannan ka kai rahoto nan take. Da takardar ɗauka ta iso, ka nemi ranar ganawar biza ba tare da jinkiri ba, ka kuma tambaya ko bizar ta halatta sanin makama na cikakken lokaci.

8. Shekarun farko a aji

Ka ba darussan doka da na hanyoyin aiki muhimmanci fiye da waɗanda suka fi daɗin muhawara. Akwai takardun da ya kamata ka karanta da idonka, ba ta bakin wani ba: yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, da yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ƙarinta na 1967, da ta haƙƙin naƙasassu ta 2006, da yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan safarar mutane, da yarjejeniyoyin Heg na 1980 kan sace yara zuwa wata ƙasa da na 1993 kan ɗaukar riƙon yara tsakanin ƙasashe. Ka san bambancin ɗan gudun hijira da ya tsallake iyaka da wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa, domin dokokin da ke kare su ba ɗaya ba ne. Littafin Sphere, wato kundin ƙa'idojin aikin agaji, da ma'aunin kare yara a lokacin agaji duk ana samun su kyauta a intanet, haka ma gajerun darussa a dandalin koyon aikin agaji na intanet mai suna Kaya.

Ka buɗe jaka a kwamfutarka ka riƙa adana kundin darussa na kowace shekara, domin makarantu suna sauya shi, kuma za a neme ka da shi nan gaba.

9. Sanin makamar aiki

Nan ne ake zama jami'in walwala, kuma nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Ka fara shiri wata shida zuwa tara kafin lokaci. Kafin ranar farko, dole a samu yarjejeniya a rubuce tsakaninka da makaranta da wurin aikin, wadda ta fayyace abin da za ka koya, da sunan mai duba ka, da yawan zaman da za ku riƙa yi, da wanda za ka kira idan abu ya ɓaci. Zaman duba aiki na mako-mako haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Idan ya fara tsallakewa, ka sanar da malaminka tun a mako na biyu ko na uku, kada ka bari sai ƙarshen zango. Kowane mako ka sa a sa hannu a takardar awanninka.

Abu biyu za su gwada ka fiye da komai. Na farko shi ne aiki da tafinta. A ce wata uwa ta shigo ofis tare da ɗanta ɗan shekara goma sha biyu wanda ya fi ta jin harshen ƙasar, sai ya fara fassara mata. Abu mafi sauƙi shi ne ka bar shi ya ci gaba, amma kuskure ne, domin ba za ta faɗi abin da mijinta ke yi mata a gaban ɗanta ba, shi kuma an ɗora masa nauyin da bai kai ɗauka ba. Ka ɗage zaman ka nemo ƙwararren tafinta, ka tambaye ta ko mace take so, ka tabbatar ba wanda ta sani ba ne a unguwarsu. Idan an zauna, ita za ka kalla, da ita za ka yi magana kai tsaye, cikin gajerun jimloli, kana ba tafinta damar kammalawa.

Na biyu shi ne rubuta rahoto. Ka koyi raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka da abin da kake zato. Maimakon ka rubuta cewa uwar ba ta damu da yaranta ba, ka rubuta cewa ka isa gidan da ƙarfe sha ɗaya na safe ka tarar da yaran biyu su kaɗai, babban ya ce ta fita tun da asuba. Rahoton farko hukunci ne, na biyu shaida ce, kuma wata rana alƙali ko ita uwar da kanta tana iya karanta shi. Ka rubuta a ranar da abin ya faru.

Hattara: kada ka ɗauki hoton waɗanda kake yi wa aiki, kada ka ba da labarinsu a Facebook ko WhatsApp ko da ka sakaya suna, kada ka ba su kuɗi daga aljihunka ko lambar wayarka ta gida, kada kuma ka yi alkawarin abin da ba a hannunka yake ba, musamman takardar zama. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kore ka daga kwas. Jin labaran azaba kullum yana taɓa mai sauraro, don haka idan barcinka ya fara ƙauracewa ko ka ga kana gudun shiga ofis, ka faɗa wa mai duba ka. Yin hakan yana cikin ƙwarewa.

10. Zango a wata ƙasa

Ka bari sai ka yi sanin makama na farko a ƙasar da kake karatu, domin wanda bai iya aikin a inda ya san doka da harshe ba, ba zai iya shi a baƙon wuri ba. Ka bi ta ofishin hulɗa da ƙasashen waje na makarantarka, inda ɗaliban jami'o'in Turai za su iya neman tallafin Erasmus+. Kafin ka sayi tikiti, ka samu tabbaci a rubuce cewa makin da awannin da za ka yi a can za su shiga lissafin digirinka kuma hukumar rajista za ta karɓe su, domin wasu hukumomin suna iyakance adadin da za a yi a waje. Ka duba inshorarka ko ta ƙunshi aiki da kuma ɗauko ka zuwa asibiti ko gida idan ka yi rashin lafiya, ba yawon buɗe ido kaɗai ba. Babu makarantar kirki da za ta tura ɗalibi inda ake yaƙi.

Idan ka isa, ka tafi a matsayin mai koyo. Ma'aikatan da ka tarar sun fi ka sanin mutanensu, kuma abin da aka koya maka game da iyali ko tarbiyya an gina shi ne a kan wata al'umma. Sai dai girmama al'ada ba ya nufin yin shiru idan ana cutar da yaro. Irin wannan ka kai wa mai duba ka na can da na makarantarka a rana guda.

11. Kundin bincike

Ka zaɓi ƙaramin batu da za ka iya kammalawa. Tattaunawa da 'yan gudun hijira ko yara tana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a, wanda kan ɗauki watanni kuma ba kasafai ake ba ɗalibin digirin farko ba. Tattaunawa da ma'aikata, ko kwatanta yadda ƙasashe biyu ke karɓar yaran da suka iso ba tare da iyaye ba, ya fi sauƙin samu kuma yana da amfani wajen neman aiki.

12. Rajista da aikin farko

Kafin ka bar makaranta, ka karɓi cikakken sakamakonka, da takarda daga sashe mai nuna wuraren da ka yi sanin makama, da adadin awanni, da matsayin waɗanda suka duba ka. Neman waɗannan bayan shekaru, daga wata ƙasa, yana da wuya ƙwarai. Ka yi rajista a ƙasar da ka yi karatu ko da ba ka da niyyar zama, domin hukumar ƙasa ta gaba takan nemi shaidar cewa kana da rajista mai tsabta a inda ka fito. Tantance digiri a sabuwar ƙasa yana da nasa kuɗin, yana ɗaukar watanni, kuma ana iya sa ka ƙarin darasi ko wani lokaci na aiki ƙarƙashin kulawa.

Manyan hukumomi irin su UNICEF da UNHCR da IOM mai kula da ƙaura da ICRC, wato kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, ba kasafai suke ɗaukar sabon kammalawa zuwa muƙaman ƙasa da ƙasa ba. Galibi suna neman digiri na biyu ko shekarun gogewa. Ka fara da hukumar kare yara, ko cibiyar karɓar masu neman mafaka, ko wata ƙungiya ta cikin gida, ka riƙe aikin shekara biyu zuwa uku har ka iya ɗaukar nauyin fayiloli da kanka. A wannan lokaci ka riƙa duba guraben da ake tallatawa a ReliefWeb, shafin intanet na ayyukan agaji, da shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, kana rubuta sharuɗɗan da suke maimaituwa a irin aikin da kake so, domin su ne za su nuna maka harshen da za ka ƙara koyo da digiri na biyun da ya dace ka nema.